Hannun da Umma Ta Hana

Duk ranar Asabar da safe, kafin rana ta fara gasa mutum, nakan tara yara a wani fili kusa da Bukit Jalil mu buga ƙwallon Amurka. Ba irin wadda ake kayar da mutum ba ce. A wannan tsumma ake ratayawa a ƙugu, wanda ya fizge naka ya tsayar da kai ke nan. Yawancin yaran 'ya'yan malaman jami'a ne da na ɗaliban da aka turo karatu, wasunsu ma a nan aka haife su, Kano sai a hoto. Idan mun tashi sai mu zarce wani mamak, wato shagon shayi da abinci, a Sri Petaling in saya musu roti da shayi, su kuma su saka mini da raini.

Makon jiya Mubarak, wanda ya fi su gudu ya kuma fi su baki, ya turo wayarsa gabana. Wani matashi ne a ciki ya yi tsalle ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya, an sa masa kiɗa a ƙasa.

"Uncle KB, wai wannan ne aikin da kuka yi? Senang je lah, ba wuya. Ka yi gudu, ka yi catching, shi ke nan a biya ka."

Na ce, "Cinye rotinka kafin ya huce."

Da na koma gida ina ta mita, matata Rabi ta ce tunda bakina ba ya gajiya da wannan labari, in zauna in rubuta shi kowa ya huta. To ga shi, Mubarak, kai da 'yan uwanka. Wanda Hausarsa ta gaza ya kai wa babarsa ta karanta masa.

Sunana Kabiru, Turawa ne suka gutsure shi ya koma KB. Na yi shekaru ina cin abinci da cafe ƙwallo a babbar gasar nan da kuke gani a waya. Ban yi suna ba, kada ku wahalar da kanku da nema. Kuma tun daga ranar da na fara har ranar da aka fitar da ni a kan gadon marasa lafiya, abu ɗaya nake bi, ba kofi ba ne. Ina da ƙane, Nasiru, mai shagon atamfa a Kwari. Duk safiyar da zai fita, mahaifiyarmu Umma takan ce masa, "Allah ya yi wa nema albarka." Ni kuwa idan na kira na ce gobe muna da wasa, sai ta ce, "Allah ya kiyaye." Ba ta taɓa hana ni ba, ba ta taɓa yi mini baki ba. A wurinta dai abin da nake yi guje-guje ne, ba nema ba. Addu'ar da take yi wa Nasiru nake so, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ni ma ɗan ɗalibi ne kamar ku. Ina firamare aka tura Baba karatun aikin gona wani gari a tsakiyar Amurka, inda ba ka ganin komai sai masara da sanyi. Umma ta tafi da Kano a cikin akwati: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da muciya. Muciyar nan aiki biyu take yi, tana tuƙa tuwo tana kuma gyara tarbiyya. Babban tsoron Umma shi ne kada mu koma 'ya'yan Turawa, kuma inda ta fi sa ido shi ne hannu. Takan zagayo ta hagunka da gangan ta ce, "Ungo." Idan ka miƙa hagu, kafin ka ankara muciya ta sauka a kan yatsu. Kafin in shiga sakandare jikina ya haddace karatun. Ko daga ina aka miƙo abu sai in juya gaba ɗaya, hannun dama ya riga zuwa, na hagu ya tallafo gwiwarsa. Da Baba ya gama suka koma gida, ni aka bar ni saboda jami'a ta ɗauki nauyin karatuna don in buga mata wasa.

Bari in faɗa muku aikin tukuna, tunda kuna ganin kun sani. Ana kiran mai irin aikina risiba. Shi ne wanda yake tsayawa can gefen fili shi kaɗai, nesa da ƙattin da ke tsakiya suna ture-ture. A tsakiyar nan akwai mai jifa, shi ne shugaban tafiya. Da an ba da alama sai risiba ya zura da gudu ya bi wata hanya da aka riga aka tsara, ya karya kwana inda aka ce ya karya, ya ɗaga hannu. A gabansa kuwa akwai mai gadi, wanda shi ma an biya shi ne don kawai ya hana. Gudun kowa ya iya. Abin da ake koya shi ne ƙarya da jiki: kafaɗarka ta ce wa mai gadi dama za ni, idonka ya ce masa can nesa za ni, ƙafarka kuma ta tsaya cak ta yi hagu. Idan ƙugunka ya tona asirin tun kafin lokaci, ka yi gudun banza.

Na tuna wata safiya mai ƙanƙara da aka fara tsayar da ni gaban injin harba ƙwallo, mai taya biyu da ke juyawa su tofo ta. Ƙwallon tamu siffar gwanda gare ta, da tsini a baki biyu, fata ce mai ɗinki a gefe. Tana zuwa ne tana murzawa, tsinin a gaba, kuma a sanyi ba ta da bambanci da dutse. Ba a tarar ta da ƙirji, za ta yi tsalle ta bar ka. Ba a tarar ta da tafin hannu. Da yatsu ake kama ta, manyan yatsu da manuniya su haɗu su yi 'yar taga, ta shigo ta nan, hannu ya ɗan ja baya ya shanye ƙarfinta. Idan ta zo ƙasa da cibiya sai ƙananan yatsu su haɗu. Ido kuma ba ya barin tsinin nan har sai ta kwanta a hannu, ko da kana jin takun wani ƙato yana tahowa ta bayanka. Ranar Asabar ku dubi yatsuna da kyau, babu guda biyu da suke kallon wuri ɗaya.

Kayan aiki kuwa, ina kewarsu har yau. Akwai hular kwano mai ƙarafa a fuska, wadda ake hura wa iska ta ciki har ta kama kai daidai. Akwai sulken kafaɗa, namu ƙarami ne don hannu ya iya tashi sama. Akwai safar hannu mai danƙo, wadda mukan tofa wa yawu mu murza kafin kowane zagaye, amma da ruwa ya sauko gara ka cire ta, don santsi take yi kamar kuɓewa. Takalmin yana da haƙora a ƙasa da ake kwancewa, dogaye don ciyawa mai laka, gajeru don busasshiya. Wanda ya yi ganda bai taka filin da ƙafarsa ya gwada ba kafin wasa, zai karya kwana ya ga sama. Warin ɗakin da ake ajiye kayan nan, fata da gumi da man zafi, wani lokaci ina wucewa ta wani kedai, wato shago, na takalma a Brickfields sai in ji ɗan kamarsa in tsaya kamar wawa.

Da na gama jami'a babu ƙungiyar da ta zaɓe ni. Ɗaya ce ta gayyace ni sansanin atisaye a matsayin cikon benci. A nan na san koyon sana'a. Sabon shiga shi ke ɗaukar wa manya hula da sulke daga fili zuwa ɗaki, shi ke kawo musu karin kumallo. Aikinmu a fili kuma shi ne mu sa lambar gwanin ƙungiyar da za a kara da ita, mu kwaikwayi tafiyarsa don masu gadinmu su gwada hannu a kanmu. Wato ana biyan ka ka zama wani, a kuma buge ka a madadinsa. Kowane mako ana rage mutane. Akwai wani mutum mai fara'a da yakan zo ya dafa ka ya ce babban koci yana son ganin ka. Duk wanda ya dafa ba ya cin abincin rana da mu. Har hanya nakan sauya idan na hango shi.

Mai koyar da mu masu cafe wani tsohon baƙar fata ne, Koci Rey, mai ɗingishi da tauna cingam. Wata rana da hantsi muna kallon bidiyon atisayen jiya sai ya tsayar da hoton a kaina. Ya mayar baya, ya sake, ya mayar, ya sake. Da aka tashi ina tafiya a baranda sai na ji ya kira ni ta hagu, ya wurgo mini makullin motarsa. Na juya gaba ɗaya na cafe da dama, har da tallafo gwiwar hannu.

Ya tsaya yana kallo na. Da Turancinsa na mutanen kudu ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Wanne?"

"Na jefo maka abu ta hagu, ka zagaya duniya ka karɓa da dama."

Na yi masa bayani cewa a wurinmu ba a karɓar abu da hagu, musamman daga babba, kuma mahaifiyata ce ta koya mini, da muciya. Sai da na kwatanta masa muciya. Ya yi dariya har ya nemi bango ya jingina. Da ya gama ya share ido ya ce, "Uwarka ta yi aiki mai kyau. Amma ita za ta sa a kore ka kafin ƙarshen wata."

Ya mayar da ni ɗakin ya nuna mini. Duk ƙwallon da ta zo ta kafaɗar hagu sai in murɗa jiki don hannun dama ya riga taɓa ta. A sakandare da jami'a na fi kowa gudu, don haka babu wanda ya lura. A nan kuwa masu gadi sun kai ni gudu, kuma ɗan murɗawar nan ta ishe su su sa hannu su kaɗe ta. Ban taɓa sanin ina yi ba. Ni da nake ganin Umma tana can Kano, ashe tana tare da ni a fili kullum.

Maganin da ya yi mini ba na asibiti ba ne. Bayan kowane atisaye yakan ɗaure mini hannun dama a baya da bel, ya tsayar da ni gaban inji da hagu kaɗai. Da farko a fuska nake karɓa. Bai tsaya nan ba, ya bi duk ma'aikatan gidan ya ce kada wanda ya ƙara miƙa mini komai sai ta hagu, kuma in na juya a janye. Mai wanki, mai gadin ƙofa, mai ɗaure mana ƙafa, duk suka shiga wasan suna jin daɗi. Wanda ya fi yi mini wuya shi ne na ɗakin cin abinci. Akwai wata dattijuwa mai zuba mana abinci, sa'ar Umma ce ko ta girme ta. Ta miƙo faranti ta hagu, na juya, ta janye. Ta sake miƙowa. Na daɗe a tsaye layi yana jira na, sannan na miƙa hagun na karɓa, na ce mata ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin me? Kunya ta hana ni cin abincin kirki a ranar. Amma mai fara'ar nan bai dafa ni ba a shekarar.

Kuna tsammanin 'yan kallo ne abokan cinikinmu. A'a. Risiba abokin ciniki ɗaya gare shi, mai jifa. Shi ba ya jiran ya ga ka juyo. Yana sakin ƙwallo tun kana ba shi baya, ya jefa ta wurin da babu kowa, saboda ka yi masa alkawarin za ka kasance a can. Idan ka saɓa sau ɗaya zai yi shiru. Idan ka sake, ba zai yi maka faɗa ba, idonsa ne kawai zai daina zuwa ɓangarenka, ka yi ta gudu kana ɗaga hannu kamar mai tsayar da tasi a ruwan sama. Nawa abokin cinikin wani dogon Bature ne ɗan ƙauye da nake kira Manomi, don ubansa shanu yake kiwo. Tare muka fara a 'yan benci, muna tsayawa bayan kowa ya tafi yana jifa ina cafewa har na san ƙwallonsa kamar yadda ake sanin muryar ɗan uwa. Na taɓa ba shi yajin da Umma ta aiko mini, ya zuba a ƙwai kamar gishiri. Ya yi hawaye ya yi majina, washegari ya dawo neman ƙari. Da babban mai jifa ya ji rauni aka sa shi, sai ya ce a sa masa ni.

Akwai wata la'asar da ba na mantawa. Sanyi har cikin haƙori, ana gaba da mu da kaɗan, lokaci ya kusa ƙarewa. Mai gadin da aka sa mini tsohon hannu ne, kuma na ga alamar ya kalli tsofaffin bidiyona, don ya tsaya ya toshe damata ya bar mini hagu a buɗe, yana murmushi ta cikin ƙarafa. Na zura, na yi masa ƙaryar shiga tsakiya, na karya zuwa bakin layi. Ko da na waiga ƙwallon ta riga ta taso, sama sosai, ta bayan kafaɗar hagu, inda hannu biyu ba za su kai ba. Ban yi shawara da kowa ba, hannun hagu ne ya tafi da kansa. Na ji tsinin ya zauna tsakanin yatsu, na jawo ta jiki, na ja yatsun ƙafa a kan ciyawa ta cikin layi kafin in faɗi waje. Filin ya ɗauke da ihu. Manomi ya zo ya yi ta dukan hulata har kunnena ya yi ƙara. Can gefe na hango Koci Rey ya cire bel ɗinsa yana kaɗawa sama, ɗaya hannun riƙe da wando.

Hoton ya fito a jaridu. Na sa aka kai wa Umma, na ba ta kwana biyu, sannan na kira.

Ta ce, "Na gani. Kabiru, duk jama'ar nan suna kallo, ka rasa hannun da za ka karɓi abu da shi sai hagu?"

Na ce, "Umma, aikin ne haka."

"To. Allah ya kiyaye."

Na yi dariya a wayar. Da na ajiye kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin Baba ya rasu, kuma guje-gujen nan ne ya sake rufin gidanmu, shi ya yi wa ƙannena mata kayan ɗaki. Umma takan yi godiya ta sa mini albarka a matsayin ɗa, wannan ban taɓa rasawa ba. Aikin ne dai ba ta ambata.

Shekarar da ta ɓaci ta fara kamar kowace. Akwai hanyar da duk risiba yake tsoro, ta tsakiyar fili, inda masu gadi suke tahowa ta gaba ba ta baya ba. Wanda ya ƙi bin ta ba ya daɗewa a sana'ar. Manomi ya jefo, ta ɗan yi sama ta dama, na miƙe gaba ɗaya na kama. Ban ga wanda ya buge ni ba. Hularsa ta shiga tsakanin wuyana da kafaɗa, na ji kamar an zuba mini tafasasshen ruwa daga wuya zuwa yatsu. Wannan ba sabon abu ba ne, mukan girgiza hannu ya dawo kafin a sake jeri. Na girgiza, hannun dama bai san ana yi ba. Likitoci suka ce jijiyoyin da ke kai saƙo hannu ne suka yage. Manomi ya zo asibiti ya tsaya bakin gado yana murza hularsa, ya ce ƙwallon ta yi sama. Na ce masa na kama waɗanda suka fi ta sama, ya zauna ya daina damu na.

An yi aiki, an yi gashi, an yi motsa jiki wata da watanni. Kafaɗa ta dawo, gwiwar hannu ta dawo, yatsu suka ƙi. Suna lanƙwasawa rabi su tsaya. A ƙarshe mai fara'ar nan ya same ni, ya dafa ni a hankali ta kafaɗar da ba ta ciwo. Aka zuba mini kayana a baƙar leda. Na yi shekara guda a zaune ina kallon bango, ko wasan ba na iya kallo. Rabi ce ta ɗauke mu da ta sami aikin koyarwa a nan. Na biyo ta, na koma ɗauko sababbin ɗalibai daga filin jirgi, nema musu ɗaki a Wangsa Maju, da haɗa wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida.

Umma ta san na ji rauni na bar wasa, ta kuma yi hamdala. Yadda hannun ya koma ne ba ta sani ba. Idan na je Kano ba na daɗewa, abinci a soro nake ci da Nasiru, idonta kuma ya fara yana. Wajen gaisawa nakan tallafo hannun dama da na hagu in miƙa, tsofaffin unguwa suna ta yaba mini, wai Amurka ba ta ɓata Kabiru ba.

Sai ga shi mun kawo ta nan a cire mata yanar idon. Aka yi aiki lafiya, ta fara ganin har ƙurar da ke kan fankar Rabi. Zaman bene ya ishe ta, ranar Asabar ta ce sai ta bi ni ta ga inda nake kai 'ya'yan mutane. Aka sa mata kujera a gindin bishiya. Ta zauna da carbinta tana kallo ina jifa da hagu, ina cafewa da hagu, ina gyara wa yara yatsu da hagu.

Da rana ta karɓe kicin ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da ta zo da ita. Gidan haya na Sri Petaling ba shi da soro, tabarma ɗaya muka zauna har da yara. Rabi ta ajiye mini cokalina mai kaurin mariƙi kamar kullum, wanda nake saƙalawa tsakanin yatsu.

Umma ta ce, "Tuwon nawa za ka ci da cokali? Ɗauke, Rabi."

Rabi ta dube ni, ta ɗauke. Na wanke hannu na yi bisimilla na kai dama. Na gutsuro, kafin in kai miya lomar ta zame ta faɗi. Na sake, ta faɗi a kan tabarma. Ƙaramar 'yata ta ce, "Hajiya, Daddy tak boleh, ba ya iyawa, his hand is..." Rabi ta daka mata harara ta yi shiru.

Umma ta matso ta kama hannun. Ta juya shi, ta dubi tabon da ya gangaro daga kafaɗa, ta tattara yatsun ta dunƙule su a cikin nata. Da ta saki suka buɗe da kansu. Ta sake dunƙulewa, suka sake buɗewa.

"Tun yaushe?"

"Tun can, Umma."

"Shi ne ba wanda ya faɗa mini." Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ce, "Ɗazu na ga kana ta fama da wancan. Da shi kake komai?"

"Da shi."

"Da shi ka kama abin nan na cikin hoto."

"Da shi, Umma."

"Rufin gidan ma ashe da shi ne."

Ta jawo jug ta tsiyaya zoɓo a kofi ta ce, "Ungo." Wallahi da furfurata da komai, jikina ya fara juyawa don dama ta riga zuwa. Sai ta janye kofin, ta zagayo da shi ta hagu, ta tsayar a nan.

"Karɓa da shi. Lalura ce, Allah ya gani."

Na miƙa hagu na karɓa daga hannun Umma. Ba ta saki ba. Ta haɗa hannayenta biyu a kan nawa da kofin, ta ce, "Allah ya yi wa nema albarka. Na baya da na gaba."

Na ce amin, ko dai na yi niyyar cewa. Rabi ta tashi wai za ta duba wuta, alhali an daɗe da kashewa. Umma ta goge ido da bakin mayafi ta ce wa jikokinta su kuma kada su ga haka su ɗauka an saki layi, muciya tana nan a kicin.

Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba, Allah ya ji ƙanta. Muciyar tana wurin Rabi.

Saura kai, Mubarak. Ranar Asabar ɗin nan da ka ce aikin senang ne, ƙwallo nawa ka zubar ta hagu? Na ga yadda kake murɗa jiki, na kuma gane daga inda ka samo shi, don na ga yadda kake karɓar canji a hannun mai mamak. An yi maka tarbiyya, bakin ne kawai ya fi ƙarfinta. Na riga na ware bel ɗin da zan ɗaure maka dama da shi. Amma ka faɗa wa mahaifiyarka ni da Rabi muna nan zuwa Wangsa Maju gaishe ta ranar Juma'a bayan la'asar. Sai ta ji daga bakina ta amince kafin in taɓa hannun.